Darasin Haƙuri da Juna da Ya Raba Makaranta da Iyaye: Nazarin Wata Firamare a Birmingham

Makarantar da unguwarta

Makarantar da wannan nazari ya bi diddiginta firamare ce ta gwamnati a gabashin Birmingham, birni na biyu a yawan jama'a a Ingila. Tana ɗaukar yara tun daga ajin share fage, 'yan shekara 4, har zuwa aji shida, 'yan shekara 11. A 2019 ɗalibanta sun kai kimanin 740, kuma kusan kashi 98 cikin 100 'ya'yan Musulmi ne. Unguwar ta masu ƙaramin ƙarfi ce, akasarin mazaunanta 'ya'ya da jikokin mutanen da suka zo daga Pakistan ne.

Ba makarantar addini ba ce. Tana cikin irin makarantun da ake kira akadami, waɗanda kuɗinsu ke zuwa kai tsaye daga gwamnatin tsakiya, wata hukumar amintattu kuma ke tafiyar da su, ba majalisar birni ba. Wannan tsari ya yi tasiri daga baya, domin da rikici ya tashi tsakaninta da iyaye a 2019 kan darussan haƙuri da juna da take koyarwa, ma'aikatar ilimi da ke Landan ce ta zama uwa a kan makarantar, ba hukumomin da ke kusa da ita ba.

2011 zuwa 2015: inda jerin ɗabi'un ya fito

Abin da ake kira ginshiƙan ɗabi'un Birtaniya guda huɗu ne: dimokuraɗiyya, bin doka, 'yancin mutum, sai mutunta juna da haƙuri da masu wani addini ko wata aƙida. Jerin bai fito daga littafin tarbiyya ba. Ya fara bayyana ne a 2011 a cikin shirin gwamnati na hana tsattsauran ra'ayi mai suna Prevent, inda aka fassara tsattsauran ra'ayi da cewa shi ne adawa da waɗannan ɗabi'u, da baki ko a aikace. Daga 2012 aka sa su cikin ƙa'idojin aikin malanta, amma a lokacin abin da ake nema daga malami shi ne kada ya yi musu zagon ƙasa, shi ke nan.

Birmingham ce ta sauya wannan. A ƙarshen 2013 wata wasiƙa marar sa hannu ta isa majalisar birnin, tana bayyana wani shiri da aka ce wasu Musulmi masu ra'ayin riƙau sun ƙulla don ƙwace ragamar makarantu. Jaridu suka samu wasiƙar a farkon 2014, suka laƙaba wa lamarin Trojan Horse, wato makircin kutsawa ciki a ɓoye. Hukumar duba makarantu ta Ofsted ta binciki makarantu 21, kuma a watan Yuni ta jefa 5 daga cikinsu a mataki mafi ƙasƙanci. A ranar 9 ga Yuni 2014 ministan ilimi Michael Gove ya shaida wa majalisar dokoki cewa daga yanzu dole kowace makaranta ta ɗabbaƙa ɗabi'un Birtaniya a aikace. Rahoton Peter Clarke, tsohon shugaban 'yan sandan yaƙi da ta'addanci, ya fito a Yuli. Bai sami shaidar ta'addanci a makarantun ba, amma ya ce an yi yunƙurin haɗin baki don cusa wani salon addini marar sassauci a wasunsu. Ita kanta wasiƙar, mutane da yawa sun ɗauke ta a matsayin ta bogi, kuma shari'ar ladabtarwa da aka fara yi wa manyan malaman da aka zarga ta rushe a Mayu 2017. Wasu daga cikin makarantun da abin ya shafa suna yanki ɗaya da makarantarmu, wato wadda muke nazari a kanta.

A Nuwamba 2014 ma'aikatar ilimi ta fitar da jagora. Ta ba da misalai masu sauƙi: majalisar ɗalibai da yara ke zaɓa da ƙuri'a, zaɓen gwaji, koyar da yadda ake kare ra'ayi a muhawara, fahimtar addinai daban-daban. Daga 1 ga Yuli 2015 doka ta ɗora wa makarantu nauyin lura da alamun tsattsauran ra'ayi a tsakanin yara da kai rahoto. Umarnin ɗabi'un ya shafi makarantun Ingila ne. Sikotilan da Wales da Arewacin Ayilan suna tafiyar da iliminsu da kansu, duk da cewa sunan Birtaniya ke kan jerin.

Makarantu da yawa sun sauke nauyin ta hanya mafi arha. Aka cika bango da tutar ƙasa da hoton Sarauniya da kofin shayi da jar motar bas ta Landan, sufeto in ya zo ya gani. Makarantarmu ba ta tsaya nan ba.

2014 zuwa 2018: shirin Babu Bare

A 2014 makarantar ta ɗauki wani malami a matsayin mataimakin shugaba. Ya baro wata firamare a birnin ne bayan wasu iyaye, Kiristoci da Musulmi, sun yi ƙorafi kan darussansa da kuma yadda ya bayyana wa ɗalibai cewa shi mai neman jinsinsa ne. Shugabar sabuwar makarantar ta san da wannan tarihi, ta kuma ɗauke shi don ya gina shirin koyar da daidaito.

Shirin da ya gina shi ne No Outsiders, wato babu bare, kalaman da aka aro daga Akbishop Desmond Tutu na Afirka ta Kudu. Tubalinsa shi ne Dokar Daidaito ta 2010, wadda ta hana nuna bambanci a kan abubuwa 9: shekaru, naƙasa, sauya jinsi, aure, juna biyu da jego, launin fata da ƙabila, addini ko aƙida, kasancewa namiji ko mace, da jinsin da mutum ke sha'awa. Dokar ta kuma wajabta wa hukumomin gwamnati, har da makarantu, su kyautata zamantakewa tsakanin waɗannan rukunoni. Abin lura shi ne addini da sha'awar jinsi suna cikin jeri ɗaya, doka ɗaya ce ke kare su, ba ta fifita wani a kan wani ba.

Kayan aikin ba su da yawa. Littattafan hoto 35 ne, 5 ga kowane aji a shekara, daga share fage zuwa aji shida. Malami ya karanta labari, yara su tattauna, a yi ɗan aikin zane ko rubutu. Akwai labarin kare da yake jin ya fita daban da sauran karnuka. Akwai na naƙasa, na baƙi, na bambancin launi. Kaɗan daga cikinsu sun taɓo iyalin da ke da uwa biyu ko uba biyu, kamar labarin tsuntsayen fengwin maza biyu da suka reni ɗan tsako. Ban da darussan aji, a taron safe akan nuna wa yara hoto daga labaran duniya a tambaye su me suka gani. Auren jinsi ya zama halal a dokar Ingila da Wales tun Maris 2014, saboda haka makarantar ta ɗauki wannan ɓangare a matsayin bayanin ƙasar da yaran za su girma a ciki.

Da za a fara shirin, an gayyaci iyaye rukuni-rukuni, aji bayan aji, aka nuna musu littattafan. Malamin ya koyi wannan daga abin da ya same shi a baya. Saƙon da aka ba su shi ne cewa yaro zai iya riƙe abin da addininsa ya koyar a gida, ya kuma san cewa dokar ƙasa ta ba wasu damar rayuwa ta wata hanya, kuma ba a cin zarafinsu.

Shekara huɗu shirin yana tafiya ba tare da wata hayaniya a fili ba. A 2016 Ofsted ta ba makarantar matsayi mafi girma, ta yaba da yadda take koyar da zaman tare. A 2017 malamin ya sami lambar girmamawa ta MBE daga fadar Sarauniya. Makarantu a wasu sassan ƙasar suka ɗauki shirin.

Akwai abu biyu na wannan lokaci da suka dawo daga baya. Na farko, a 2015 jaridu sun ruwaito cewa makarantar ta kai rahoton wani yaro ɗan shekara 10 ƙarƙashin tsarin Prevent, saboda wasu kalamai da halaye da malamai suka ga alamar tsattsauran ra'ayi a cikinsu, ciki har da neman ɗakin salla a wata tafiyar makaranta. Na biyu, a bayanan da shugabannin makarantar suka gabatar wa ƙwararru, sun ambaci shirin Babu Bare a matsayin wata hanya ta kare yara daga tsattsauran ra'ayi. A idon sufeto wannan abin yabo ne. Iyaye kuwa, da suka ji labarin, wata fassara suka yi masa.

Janairu da Fabrairu 2019: ƙorafi ya fito fili

A Janairu 2019 wata uwa ta cire 'yarta daga makarantar na ɗan lokaci, ta fara tattara sa hannun iyaye. Takardar koken ta sami sa hannu kimanin 400. Ƙorafin nasu kashi uku ne. Yaran sun yi ƙanƙanta da wannan magana. Ba a tuntuɓe su ba. Sannan darussan, a ganinsu, sun wuce sanar da yaro cewa irin wannan iyali yana nan, sun kai ga gaya masa cewa abin daidai ne, wanda ya saɓa wa abin da ake koya masa a gida da masallaci. Da yawa daga cikinsu sun nanata cewa ba su da ja da dokar daidaito, ba su kuma yarda a ci mutuncin kowa ba. Wasu sun ƙara da zargin cewa malamin ra'ayinsa na kansa yake yaɗawa.

Amsar makarantar ita ce babu maganar jima'i a ko ɗaya daga cikin littattafan, kuma abin da ake koyarwa shi ne dokar ƙasa da ɗabi'un da gwamnati ta wajabta. An yi zama da wasu iyaye, ba a cimma komai ba.

Lokacin ma bai taimaka ba. A daidai wannan tsakani gwamnati na shirya sabuwar manhajar ilimin zamantakewa, wato darasin dangantakar iyali da abota, da za ta zama dole a firamare daga 2020, kuma saƙonni na ta yawo a WhatsApp suna gauraya wannan manhaja da shirin makarantar, alhali abu biyu ne daban. A Fabrairu kuma aka sanar da cewa malamin ya shiga sahun mutum 10 na ƙarshe a gasar gwarzon malamin duniya mai kyautar dala miliyan 1, wadda daga baya Peter Tabichi na Kenya ya lashe a Dubai. Shugabar Ofsted, Amanda Spielman, ta fito ta goyi bayan makarantar, ta ce ya dace yara su san akwai iyalai masu uwa biyu ko uba biyu. Duk wani yabo da ya zo daga waje, iyaye sun karanta shi a matsayin alamar cewa an riga an yanke hukunci ba tare da su ba.

Zanga-zanga ta fara a ƙofar makaranta, mako-mako, da safe lokacin kawo yara. Kwalayen da aka ɗaga suna cewa a bar yara su zama yara, ilimi ake so ba cusa aƙida ba. Aka kawo lasifika. Aka riƙa kiran sunan malamin ana cewa ya fita, kuma ya ce an aiko masa da barazanar kisa. Malamai sun ba da labarin yara ƙanana da ke shiga aji suna kuka bayan sun ratso taron.

A tsakiyar Fabrairu sufetocin Ofsted suka zo duba makarantar.

Maris 2019: makaranta ta ja baya

Ranar Juma'a 1 ga Maris iyaye suka hana 'ya'yansu zuwa makaranta. Ƙungiyarsu ta ce yara kimanin 600 ne suka zauna a gida, wato wajen kashi 80 cikin 100. Makarantar ba ta tabbatar da adadin ba, amma ba wanda ya musa cewa azuzuwa sun yi fayau.

Bayan kwana kaɗan wasiƙa ta fita zuwa ga iyaye cewa ba za a yi darussan ba har hutun Ista. Jaridu suka buga cewa an dakatar da shirin. Sai makarantar ta fito ta ce ba dakatarwa ba ce, dama an ware wannan zango don ilimin addinai, kuma darussan za su dawo bayan hutu. Iyayen da suka ɗauka an saurare su suka ji kamar an yi musu wayo. Zanga-zanga ta ci gaba, ta ma ƙara girma, kuma a cikin masu riƙe lasifika har da mutanen da ba su da ɗa ko ɗaya a makarantar.

A mako na biyu na watan rahoton Ofsted ya fito. Ya bar wa makarantar matsayinta mafi girma. Ya ce babu shaidar cewa manhajar ta karkata fiye da kima ga batun masu neman jinsinsu, ko cewa ba ta dace da shekarun yaran ba. Ya kira masu adawa 'yan tsiraru masu ɗaga murya. Amma ya ba da shawara ɗaya: makarantar ta ƙara jawo iyaye a jika domin duka su fahimci abin da ake koyarwa da yadda ake koyar da shi. Kalmar 'yan tsiraru ta fito ne kwana goma sha da aka ga azuzuwa babu yara, kuma ba ta kwantar wa kowa da rai ba.

A tsakiyar Maris hukumar amintattun ta sanar da dakatar da shirin gaba ɗaya har sai an sasanta da iyaye. Aka janye zanga-zangar. Wasu firamare 4 na wata hukumar amintattu a birnin su ma suka dakatar da nasu. A Yuli shugabar hukumar amintattun makarantarmu ta shaida wa BBC cewa jami'an ma'aikatar ilimi ne suka matsa musu lamba sosai su dakatar, don a kawar da zanga-zangar daga kanun labarai. Ma'aikatar ta musa cewa ta matsa wa kowa. A ranar 27 ga Maris majalisar wakilai ta amince da sabuwar manhajar ilimin zamantakewa da ƙuri'a 538, masu adawa 21.

Afrilu zuwa Yuli 2019: zaman tuntuɓa

Daga nan aka koma teburi. Wakilan iyaye, shugabannin makaranta, wasu dattawan unguwa da jami'an ma'aikatar ilimi suka yi ta zama na tsawon watanni. A Afrilu ministan ilimi na lokacin, Damian Hinds, ya rubuta wa ƙungiyar shugabannin makarantu cewa wajibi ne a tuntuɓi iyaye, amma tuntuɓa ba ta ba su ikon hawa kujerar na-ƙi a kan manhaja ba. Wannan ya shata iyakar tattaunawar. Sai dai jagorar da ma'aikatar ta fitar a Yuni ta bar wa kowace firamare ta yanke wa kanta ko za ta taɓo batun iyalan jinsi ɗaya, da kuma a wane aji. Shugabannin makarantu sun koka cewa an bar su su kaɗai a bakin ƙofa: in sun koyar, iyaye su ce ai ba dole ba ne, in sun bari, sufeto ya tambaye su ina daidaito.

A wannan tsakani wutar ta koma wata firamare a kudancin tsakiyar birnin, wadda ba ta ma amfani da shirin Babu Bare. Can abin ya fi muni. Zanga-zanga kusan kullum, har aka taɓa tashin yara da wuri saboda tsaro. Nazir Afzal, tsohon babban mai gabatar da ƙara a arewa maso yammacin Ingila, ya shiga tsakani, sulhun bai yiwu ba. A ƙarshen Mayu majalisar birni ta samo umarnin kotu na wucin gadi da ya hana taro a kewayen waccan makaranta. Kowa a teburin makarantarmu yana ganin abin da ke faruwa can.

A farkon Yuli aka sanar da sakamako. Shirin zai dawo a Satumba da sabon fasali da aka tsara don al'umma mai riƙo da addini, har aka ƙara wannan a sunansa. Batun iyalai iri-iri bai fita ba. Abin da ya sauya shi ne tsarin gabatarwa: an amince a fili cewa yawancin yaran daga gidajen addini suka fito, kuma kafin a fara darussan kowane aji za a kira iyayen wannan aji su zauna da malamai su ga kayan da za a yi amfani da su.

Ƙungiyar iyayen ba ta karɓa ba. Ta ce ba a saurari ra'ayinta ba, kuma sabon shirin tsohon ne aka sauya wa riga. A takarda dai, ba a cimma yarjejeniya ba.

Satumba 2019 zuwa gaba

Darussan sun dawo a sabuwar shekarar karatu, tare da zaman iyaye aji-aji. Gagarumin taro irin na Maris bai sake dawowa ƙofar makarantar ba, kuma ba a sake kwashe yara ɗari-ɗari a rana ɗaya ba.

A Oktoba hukumar yaƙi da tsattsauran ra'ayi ƙarƙashin Sara Khan ta ce wasu ƙungiyoyi masu tsattsauran ra'ayi sun yi amfani da damuwar iyaye don cimma nasu buri. Tun kafin nan ta soki ma'aikatar ilimi da jan ƙafa wajen tallafa wa shugabannin makarantu. A ranar 26 ga Nuwamba Mai Shari'a Warby na babbar kotu ya tabbatar da haramcin taro a kewayen ɗaya makarantar dindindin. Ya ce an jirkita abin da ake koyarwa a can, wani lokaci jirkitawa mai muni, ya kuma yi la'akari da illar hayaniyar ga yara da malamai da maƙwabta. Bai hana kowa faɗin ra'ayinsa a intanet ba.

Daga Satumba 2020 ilimin zamantakewa ya zama dole a duk firamaren Ingila, ko da yake annobar korona ta sa an ba makarantu ƙarin lokaci. Iyaye na da damar cire yaro daga ilimin jima'i idan firamare ta zaɓi koyar da shi, amma ba daga ilimin zamantakewa ba. Doka ta wajabta wa makaranta ta tuntuɓi iyaye kafin ta rubuta manufarta a kan darasin. Wannan ya shafi duk wani Bahaushe da ke zaune a Manchester ko Landan ko Birmingham da yaro a firamare: yana da haƙƙin ya nemi a nuna masa kayan darasin, kuma yana da kyau ya nema tun kafin saƙon WhatsApp ya riga shi.

Abin da lamarin ya nuna

Abubuwa uku aka gwada da ba su yi aiki ba. Jingina da doka bai yi ba, domin iyayen ba su ce makarantar ta karya doka ba. Cewa suka yi ta shiga hurumin gida. Jingina da Ofsted da lambobin yabo bai yi ba, domin a wannan yanki Ofsted ita ce hukumar da ta zo a 2014 ta rusa darajar makarantun da ita da kanta ta yaba a baya, saboda haka shaidarta ba ta da nauyi a wurin mutanen da ake son shawo kansu. Wasiƙar farkon Maris kuwa ta fi kowanne ɓarna. Magana biyu a mako ɗaya ta cinye ɗan abin da ya rage na yarda.

Dakatarwar tsakiyar Maris ta fi wuyar hukunci. Ta sauke zafi, ta mayar da yara aji, ta buɗe ƙofar zama. Ta kuma koya wa kowa cewa lasifika na biya, kuma cikin makonni kaɗan aka ga sakamakon haka a ƙofar wata makaranta. A ganina laifin wannan ya fi rataya a wuyan ma'aikatar ilimi fiye da makarantar. Gwamnatin da ta ce a koyar da haƙuri da juna dole, ta kuma aiko sufeto ya auna, ita ce ta ƙi faɗin abin da ake nufi da shi a aji ɗaya ko aji uku, ta bar shugabar makaranta ta sha zagin.

Saɓanin da ke ƙasa na gaske ne, ba rashin fahimta kawai ba, kuma masu cewa da an yi wa iyaye bayani da sun yarda suna raina musu hankali. Duka ɓangarorin sun yarda cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Shi ya sa makaranta ta nace a fara tun daga share fage, shi ya sa kuma iyaye suka nace kada a fara. Rigimar a kan hannun da zai yi tanƙwarar ce. Jerin ɗabi'un bai warware wannan ba, domin ya ce a yi haƙuri da masu wata aƙida, bai faɗi abin da za a yi ba idan aƙidar iyaye da darasin haƙurin ne suka yi karo. Akwai tazara tsakanin ce wa yaro irin wannan iyali yana nan kuma haramun ne ka wulaƙanta shi, da ce masa abin da addininka ya faɗa a kai kuskure ne. Na farko doka ce, kuma yawancin iyayen sun ce sun karɓe shi. Makarantar ta ce na farkon kawai take koyarwa. Iyaye ba su gaskata ba, kuma dalilin rashin gaskatawar yana komawa ga 2011: ɗabi'un da aka haifa a matsayin ma'aunin gane mai tsattsauran ra'ayi, aka kawo su unguwar da aka gama bincika, a makarantar da ta taɓa kai rahoton ɗan shekara 10. A irin wannan yanayi uba ba ya jin an gayyace shi tattaunawa, yana jin ana gwada shi ne.

Wannan ba ya wanke abin da aka yi a bakin ƙofa. Kiran sunan malami da lasifika a gaban ɗalibansa, da barazanar kisa, da jirkita abin da ke cikin littattafai, zalunci ne, kuma yaran da aka ce ana karewa su suka fi shan wahalarsa.

Abin da ya yi aiki ƙarami ne, kuma ba sabo ba ne: zaman iyayen aji ɗaya da malamin ajin, littafi a kan teburi, kafin darasi. Shi ne abin da aka yi da za a fara shirin, aka sami shekara huɗu na zaman lafiya, shi ne kuma aka koma wa a 2019. Firamare kowace shekara tana sallamar aji guda ta ɗauki sabo, saboda haka cikin shekara huɗu fiye da rabin azuzuwan sun zama na yaran da ba su nan lokacin zaman farko. Yardar da aka samu daga iyayen wancan lokaci ba ta gadon waɗanda suka zo bayansu ba ce. A ƙaramin zama uwa na iya buɗe littafin ta ga shafi nawa ne, ta tambayi me malama za ta ce idan yaro ya ce a gidanmu haramun ne, ta ji amsa daga bakin wadda ta sani. A babban taro mai riƙe da lasifika ne ke magana, kuma sau da yawa ba shi da ɗa a makarantar.

Zaman bai sa iyayen sun sauya aƙida ba, bai kuma sa makarantar ta cire littattafan ba. Ƙungiyar iyaye ba ta taɓa sa hannu a kan sabon shirin ba. Abin da aka samu shi ne yara a aji, malamai a bakin aiki, da iyaye da suka san ranar da za a karanta wane littafi, suna da damar su yi wa 'ya'yansu nasu bayanin a gida a daren ranar. A 2023 ministar ilimi Gillian Keegan ta rubuta wa makarantun Ingila har sau biyu, a Maris da Oktoba, cewa dole su nuna wa iyaye kayan darasin ilimin zamantakewa idan sun nema, kuma haƙƙin mallakar kamfanin da ya wallafa kayan ba hujjar ɓoyewa ba ce.